Bayan Yajin Aiki, Me Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya Ke Yi?

Ranar Laraba 30 ga Yuli, 2025, ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitocin gwamnatin tarayya suka ajiye aiki. Sun ba gwamnati wa'adin kwana 15, wa'adin ya cika ba a cimma komai ba, sai suka shiga yajin gargaɗi na mako guda. Ba a kai ƙarshen makon ba. Ranar Juma'a ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, ya zauna da shugabanninsu, ranar Asabar 2 ga Agusta kuma ƙungiyarsu ta sanar da dakatar da yajin. Kwana huɗu ne kacal, amma a cikinsu an sallami marasa lafiya da dama, ɗakunan kwanciya suka yi wayam, masu hali suka koma asibitin kuɗi, marasa hali suka koma gida suna jiran ikon Allah.

A kwanakin yajin na sha tambaya. Wani dattijo a unguwarmu, wanda mai ɗakinsa ke fama da ciwon suga, ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Hajiya, ku da muke gani masu tausayi, yaya za a bar mutum kwance a gado a tafi neman kuɗi?" Na ce, "Baba, ka faɗi gaskiya, abin da ciwo. Amma ka ji abin da ya kai su." Tambayarsa tana kan hanya, kuma ta fi ƙarfin amsar da ake bayarwa a tsaye. Ni nas ce kuma ungozoma, na yi aiki a asibitocin jiha har na yi ritaya, na kuma taɓa riƙe kujerar sakatariyar reshen ƙungiya a asibitinmu. Na lura jama'a ba sa jin sunan ƙungiyar sai ranar da aka rufe ƙofa, alhali yajin aiki shi ne mafi ƙanƙantar aikinta.

Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa, har ma wasu ɗalibanmu. Na farko ita ce Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Wannan ta gwamnati ce. Dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ce ta haɗe hukumar ungozomomi da ta nas-nas ta mai da su ɗaya. Ita ke amince wa makarantun koyon jinya, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke yin rajista ta ba da lasisi, kuma ita ke ƙwace lasisin idan mutum ya ci amanar aiki. Aikinta shi ne ta kare mara lafiya daga hannun wanda bai iya ba ko wanda bai da amana. Na biyu ita ce ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, wadda aka fi sani da NANNM. Wannan tamu ce. Mu muke zaɓen shugabanninta, da kuɗin da ake cira daga albashinmu duk wata take tafiya, kuma aikinta shi ne ta tsaya wa ma'aikaci da sana'arsa. Nas ba ta da zaɓi game da hukuma, idan babu lasisi babu aiki. Ƙungiya kuwa, tun gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005, shigarta ganin dama ce.

Tarihinta ya girmi 'yancin kai. Tun 1938 nas-nas suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu ta farko a ƙasar nan, lokacin da manyan kujerun asibiti ke hannun Turawa, baƙar fata kuwa sai dai ya yi ta bauta a ƙasa. Daga baya wasu ƙungiyoyin suka ɓullo waɗanda suka fi damuwa da darajar sana'ar da ilminta. Fitacciya a cikin masu wannan ra'ayi ita ce Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas da ke Landan, ta dawo ta yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa a 1965. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Ibadan ta fara karatun digiri a fannin jinya. Haka aka yi ta tafiya kashi-kashi, masu maganar albashi daban, masu maganar ilmi daban, ungozomomi daban, har zuwa Disambar 1977 da suka haɗu a Legas suka dunƙule suka zama NANNM. Shekara ɗaya bayan nan gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ƙwadago ta mai da su 42 a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, tamu na ciki.

Wannan haɗewa ita ta ɗora wa ƙungiyar kaya biyu. Tana maganar ciki, wato albashi da alawus da ƙarin girma da fansho. Tana kuma maganar sana'a, wato irin karatun da ya kamata nas ta yi, da iyakar aikinta, da ɗabi'ar da ake so ta kasance a kai, da kujerarta a wurin da ake tsara harkar lafiya. Ita ce ke wakiltar Najeriya a majalisar nas-nas ta duniya, wadda aka kafa tun 1899 take da mazauni a Janeba. Kuma a shekarar da aka kafa NANNM, 1977, hukumar ƙwadago ta duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 149, wadda ta ce a riƙa sa ma'aikatan jinya cikin tsara aikinsu, a kuma riƙa daidaita sharuɗɗan aikinsu ta hanyar tattaunawa da wakilansu.

To amma ƙungiya a wurin nas ta ƙasa ba ta Abuja ba ce. Reshen asibitinta ne. Shugaban reshe da sakatare da ma'aji duk ma'aikata ne kamar kowa, suna yin dutinsu na safe da na rana da na dare, sannan su ɗora da ɗawainiyar jama'a ba tare da ƙarin ko sisi ba. Mafi yawan abin da ke zuwa teburinsu ba ya shiga jarida. Wata an yi mata ƙarin girma a takarda shekara biyu, albashi bai motsa ba. Wani sunansa ya faɗi daga jerin masu albashi bayan tantance ma'aikata, an ce masa ma'aikacin bogi ne alhali kullum yana ɗakin tiyata. Wata mai tsohon ciki an jera mata dutin dare. Wata ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta na bin haƙƙinta ofis-ofis. Sakatare ya rubuta wasiƙa, ya kai ma'aikata, ya koma, ya sake komawa, ya zauna a benci har mai sa hannu ya fito daga taro.

Bari in ba da labarin guda ɗaya da na gani da idona, domin shi ya fi nuna amfanin abin. Wata yarinya ce sabuwar ɗauka, ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba, aka bar ta ita kaɗai a ɗakin haihuwa da dare, sai mai shara ɗaya da ke taya ta. Bayan sha biyu aka kawo wata mata daga ƙauye a bayan a-kori-kura, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ga jijjiga ta kama ta. Allurar jijjiga tana sito, sito a kulle, mai mabuɗi yana gida. An ɗauke wuta, janareta babu mai. Likitan da ke kan kira shi kaɗai ne a asibitin gaba ɗaya, yana sashen gaggawa kan waɗanda suka yi haɗarin mota. Yarinyar nan ta kwantar da matar ta gefe, ta share mata baki, ta nemo jijiya da hasken wayarta a baki, ta sa mata ruwa, ta aika a kira likita har sau uku. Kafin asuba matar ta cika. Ƙaninta ya shigo ya ɗauke nas ɗin da mari. Da gari ya waye, maimakon a tambayi yadda ta kwana, sai aka miƙa mata takardar tuhuma, wai ta bayyana dalilin da ba za a hukunta ta ba saboda sakaci.

Ta same ni fuska a kumbure, ta ce, "Anti, ni barin aikin zan yi." Na ce mata, "Ƙanwata, zauna ki sha ruwa. Ba ki amsa takardar nan ke kaɗai." Muka ɗauko littafin rahoton dare, inda Allah ya taimake ta ta rubuta lokacin da aka kawo matar da lokacin kowane kira. Muka nemo takardun neman magani da shugabar ɗakin ta sha aikawa ba a amsa ba. Muka fito da kwafin wasiƙun da reshe ya rubuta tun watannin baya kan rashin man janareta. Ranar zaman kwamitin ladabtarwa shugaban reshe ya zauna kusa da ita, muka shimfiɗa takardun a tebur. An wanke ta. Amma ba mu tsaya nan ba. Mun nace sai da aka ajiye allurar jijjiga da ta tsayar da jini a kabad ɗin ɗakin haihuwa, mabuɗi a hannun mai duti, aka sa maigadi a ƙofa da dare, aka kuma daina barin sabuwar ɗauka ita kaɗai. Matan da aka kawo bayan wannan dare ba su san an yi wani zama ba, amma su suka ci moriyarsa.

Kada a ɗauka kuma ƙungiya rufa-rufa take yi. An taɓa kama wani abokin aikinmu yana karɓar kuɗi a hannun masu jinya kan maganin da gwamnati ta bayar kyauta. Ya zo yana neman mu tsaya masa. Mun tabbatar an saurare shi, an ba shi dama ya kare kansa kamar yadda dokar aiki ta tanada, kuma da hujja ta tabbata ba mu ce uffan ba a kan hukuncin. Ƙungiyar da ke kare ɓarawo ko mai wulaƙanta mara lafiya tana zubar da mutuncin sauran ne. Na san akwai nas-nas masu tsawa da harara, masu zagin mace tana kan gwiwa. Ba na kare su, kuma ina ganin wajibin ƙungiya ne ta fi kowa tsananta musu, tunda ta ce ita mai kare sana'a ce.

Yanzu mu koma kan abin da aka nema a 2025. Wanda ya ji daga nesa zai ce kuɗi ne kawai. Akwai kuɗi a ciki, kuma babu kunya a neman haƙƙi. An nemi a gyara alawus ɗin dutin dare da na canjin aiki. An nemi a ƙara kuɗin yunifom, wanda a lokacin yake naira 20,000 a shekara, ga farin kaya da jini da magani ke ɓatawa kullum. An nemi tsarin albashi na nas-nas daban, domin tun 2009 likitoci ke da nasu tsarin, CONMESS, mu kuwa aka haɗa mu da sauran ma'aikatan lafiya a CONHESS. Amma sauran buƙatun fa? An nemi a ɗauki ma'aikata da yawa. An nemi a buga tsarin aikin nas-nas a jaridar gwamnati, tsarin da majalisar kula da tsarin ma'aikata ta ƙasa ta amince da shi a Minna tun 2016 aka bar shi a durowa. An nemi a aiwatar da hukuncin da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yanke tun Janairun 2012. An nemi a riƙa tura masu digiri aikin sanin makama daga wuri ɗaya, don kada sai ɗan wane zai samu gurbi. An kuma nemi a ba aikin jinya cikakken sashe nasa a ma'aikatar lafiya ta tarayya. Nas-nas da ungozomomi su ne rukuni mafi yawa a cikin ƙwararrun ma'aikatan lafiya, su ne ke tare da mara lafiya dare da rana, amma a inda ake yanke shawara sai a same su a ƙarƙashin wani sashe, wani ke magana da bakinsu. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

A cikin duka, maganar ɗaukar ma'aikata ta fi tsaya mini a rai, domin ita ce ta haɗa mu da ku kai tsaye. Ku kwatanta ɗaki mai gado talatin da 'yan kai, nas ɗaya ko biyu da dare. Akwai allurar ƙarfe goma, akwai ta sha biyu, akwai ta ƙarfe shida. Ga mai ƙarin jini da dole a riƙa leƙa shi, ga wanda aka fito da shi daga tiyata da yamma, ga tsohon da ake juyawa don kada bayansa ya yi gyambo, ga yaron da ruwansa ya ƙare uwarsa na kira. Idan ka kira "Sista" sau uku ba ta zo ba, sau da yawa tana can ƙarshen ɗaki kan wanda numfashinsa ke sama. Ba ta iya raba kanta biyu. Duk kuskuren magani da na taɓa gani, kusan duka a irin wannan dare ne, a hannun mutumin da ya wuni ya kwana a tsaye. Don haka idan ƙungiya ta buga tebur ta ce a ƙaro hannu, mahaifiyarka da ke gado na ashirin da bakwai take yi wa magana.

Sai haɗarin aikin. Zazzaɓin Lassa da muke fama da shi duk rani, waɗanda aka fara gane shi a jikinsu a 1969 nas-nas ne: Laura Wine da ta kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, da Charlotte Shaw da ta yi jinyarta a Jos, duka biyun suka rasu. A 2014 da Ibola ta shigo Legas, kowa ya san sunan Dakta Stella Adadevoh, kuma ta cancanta, amma 'yan kaɗan ne ke tuna nas Justina Ejelonu da cutar ta kashe a asibiti ɗaya da ita. A 2018 'yan bindiga suka sace ungozomomi biyu a Rann, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, suka kashe su ɗaya bayan ɗaya a watannin Satumba da Oktoba. Duk tsawon waɗannan shekaru na baya-bayan nan, alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi bayan doguwar jayayya da ƙungiyoyi. Babu gwamnatin da ta wayi gari ta ƙara shi don tausayi.

Wannan duka shi ke kora mutane waje. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya duk suna ɗiba, duk da cewa Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 ƙarancin ma'aikatansu ya kai a daina zuwa farautarsu. Maganin da hukumar jinya ta kawo a wannan wata na Fabrairu shi ne sabuwar ƙa'ida: ba za a tantance wa nas takardunta don aiki a waje ba sai ta yi shekara biyu tana aiki bayan samun lasisi, ta kawo takardar shaida daga shugaban wurin aikinta, sannan ta jira aƙalla wata shida. Ranar 12 ga Fabrairu nas-nas suka yi cincirindo a ofisoshin hukumar a Abuja da Legas, wasu suka garzaya kotu, Majalisar Wakilai ta sa baki, shafin tantancewar ya zauna a rufe watanni sai a Satumba aka buɗe. A nan ne bambancin hukuma da ƙungiya ya fito fili. Ni ina baƙin cikin kowace yarinya da muka horar ta tafi, domin na san gadon da ta bari. Amma ba a tsare mutum da ƙwace masa takarda. Akwai dubban masu lasisi da ke zaune a gida ba a ɗauke su aiki ba, to a ina za su samo shekara biyun? Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma gwamnatinta ta tarayya ba ta taɓa cika alkawarin ba, ita ya kamata a fara tuhuma.

Duk da haka yajin aiki a asibiti ba abin wasa ba ne, kuma ban taɓa shiga shi da farin ciki ba. Idan ma'aikacin masaƙa ya ajiye aiki, mai masaƙa ke asara. Idan muka ajiye, talaka ke asara, wanda ya hana mu haƙƙin kuwa a waje yake ganin likita. Doka ma ta san da haka, shi ya sa tun 1976 ta sa asibiti cikin ayyukan da ba a so su tsaya, kuma sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata ya ba gwamnati damar riƙe albashin kwanakin yaji. An yi amfani da shi a 2018, lokacin da gamayyar ƙungiyoyin lafiya ta JOHESU ta yi kusan mako shida tana yaji, aka riƙe albashin Afrilu da Mayu. Ba mu kaɗai ke wannan kokawa da zuciya ba. Babbar ƙungiyar nas-nas ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1916, ta daɗe da doka a kundinta mai hana yaji, ba ta sassauta ta ba sai 1995, kuma mambobinta a Ingila ba su taɓa fita ba sai ranar 15 ga Disamba, 2022. Na Ghana ma sun fita a Yunin 2025 kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba a aiwatar ba. Ra'ayina shi ne, ko an shiga yaji, a bar hannu a sashen gaggawa da ɗakin haihuwa da ɗakin jarirai bakwaini. Na sha faɗar haka a taro, wasu 'yan uwa suka ce hakan na rage wa yaji kaifi. Na yarda yana ragewa, amma ran da aka rasa ba ya dawowa ranar da aka sa hannu a yarjejeniya. Laifi mafi girma dai yana kan wanda ake rubuta wa wasiƙa shekara da shekaru ba ya amsawa, sai ya ga an rufe ƙofa sannan ya kira taro cikin kwana biyu. Shi ya koya wa ma'aikata cewa wannan yaren kaɗai yake ji.

Inda nake da ƙorafi a kan ƙungiyarmu shi ne, ƙarfinta ya taru a inda ma'aikata suka fi samun sauƙi. Asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya su ne masu murya, domin suna da yawa wuri ɗaya, albashinsu daga tushe ɗaya yake, 'yan jarida na kusa. Abin da aka samu a Abuja kuwa ba ya sauka jiha da kansa, sai kowace jiha ta sake zama da gwamnanta, wata ta aiwatar da rabi, wata ta yi shiru. Daga jiha a gangara ƙaramar hukuma, nan ne wahalar take. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 an tsara shi ne tarayya ta biya wani kaso, jiha ta biya wani, ƙaramar hukuma ta biya wani ta kuma ba da wurin kwana. A wurare da yawa kason tarayya kaɗai ya riƙa zuwa, ungozomomi suka gaji suka tattara kayansu. Daga 2012 kuma wani shiri da Birtaniya ta tallafa wa ya taimaka wa 'yan matan karkara a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe suka shiga makarantun lafiya, don su koma su yi wa garuruwansu aiki. Yarinyar da ta koma ƙauyensu ita kaɗai a ƙaramin asibiti, babu ruwa, babu katanga, ga 'yan bindiga a daji, ita ce ta fi kowa buƙatar ƙungiya, ita ce kuma ba ta taɓa ganin wakilinta ba sai dai cirar kuɗi a takardar albashi.

Asibitocin kuɗi su ma haka. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan asibitocin unguwa ba su kai ba. Nas mai lasisi tana aikin awa goma sha biyu, babu takardar ɗauka, babu hutun haihuwa, ranar da ta ambaci ƙungiya ranar za a nuna mata ƙofa, duk da cewa sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ta 'yancin shiga. A maye gurbinta da yarinyar da aka koya wa allura a bayan kanta aka ɗinka mata farin kaya, wadda hukuma ba ta san da ita ba. Mara lafiya ba ya iya bambancewa, kuma idan aka yi ɓarna sunan nas ne ke ɓaci. A nan maganar albashi da maganar sana'a suka zama abu ɗaya, kuma a nan ya kamata shugabanni su zuba ƙarfinsu da kuɗin da muke tarawa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mata, musamman a Arewa. Mu ne mafi yawa a ɗakunan kwanciya, amma idan aka zo zaɓen shugabanni sai mu tura maza gaba mu koma baya, mu karɓi kujerar ma'aji ko ta walwala. Dalilan sanannu ne: ana sa taro bayan la'asar lokacin da mace ke sauri ta koma gida, ana tafiye-tafiye na kwana da kwanaki, wani maigidan ba ya so a ce matarsa 'yar gwagwarmaya ce. Maza abokan aikinmu sun yi ƙoƙari, ban raina musu ba. Amma maganar ɗakin shayarwa a asibiti, da masaukin da mace za ta iya kwana cikin aminci a ƙauye, da shugaban da ke matsa wa ƙaramar ma'aikaciya da maganar banza, ba sa hawa saman takarda sai wadda abin ya shafa tana zaune a teburin. Ina kira ga ƙannena da 'ya'yana da ke aiki yanzu, ku riƙa zuwa taron reshe, ku tambayi ma'aji lissafin kuɗinku, ku tsaya takara.

Ku kuma jama'a, kuna da hannu a wannan magana fiye da yadda kuke zato. Kusan kowane ƙaramin asibiti yana da kwamitin unguwa da ya ƙunshi mai unguwa da liman da wakilan mata da matasa. Ku tambaya a gaya muku nas nawa ke kwana a asibitin garinku, ungozoma nawa, yaushe rabon da a ɗauki sabuwa, wata nawa suke bin bashi. Ku kai amsar gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku. Idan kun ga sakaci ko wulaƙanci, ku kai ƙara wurin shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ko ofishin hukumar jinya, kada ku ɗaga wa kowa hannu. Idan kuma kuka ji a rediyo an ce ma'aikatan jinya sun ba da wa'adin kwana goma sha biyar, to tun ranar farko za ku fara buga wa wakilanku waya, kada ku bari sai ta goma sha shida.